Ka gyara kwamfutarka, Windows ta ce ba ta san ka ba

Duk mai shiga ofisoshi, shagunan buga takardu ko zaurukan taro a Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai ya san wani ɗan rubutu mai dishi-dishi da ke maƙale a ƙasan allon kwamfuta ta hannun dama: "Activer Windows". Mun saba da shi har mun daina ganinsa. A wurin taro sai a haska shi a bango tare da jadawalin kasafin kuɗi, babu mai ɗaga kai. Ma'anarsa kuwa ita ce kamfanin Microsoft bai gamsu cewa wannan na'ura tana da izinin amfani da manhajarsa ba.

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba su taɓa samun lasisi ba tun ranar da aka fara kunna su, wannan kowa ya sani. Amma akwai wasu mutanen da ba a cika maganarsu ba, kuma su ne dalilin wannan sharhi. Kwamfutarsu ta zo da Windows ta halal, sun yi shekara biyu ko uku suna aiki lafiya, sai wata rana ta ƙi kunnuwa. Aka kai ta wurin mai gyara, aka canza mata babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kart-mer, ta dawo gida ɗauke da wannan rubutu. Mutum bai saci komai ba. Ya biya kuɗin kaya, ya biya kuɗin aiki, sannan na'urarsa ta wayi gari tana yi masa kallon baƙo.

Ra'ayinmu a kan wannan lamari kashi biyu ne. Tsarin da ke ɗaure lasisi a jikin ƙarfe guda an gina shi ne don ƙasashen da ake jefar da kwamfuta idan ta mutu, kuma yana cutar da mutanen da suka dogara da gyara. Wannan laifin kamfani ne. Sai dai mafi yawan asarar da ake yi a nan gida tana faruwa ne saboda babu mai gaya wa mai saye irin lasisin da ya saya, wannan kuma maganinsa yana hannunmu.

Tun 2001, lokacin da Windows XP ta fito, Microsoft ya shigo da ƙa'idar cewa sai manhaja ta tabbatar da kanta a wurin kamfani. Tana duba sassan da ke cikin na'ura, ta haɗa bayanansu ta fitar da wata lamba mai kama da zanen yatsa, ta aika. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, sai aka ƙara sauƙaƙa abin. Ba lalle ne ka riƙa rubuta mabuɗin nan mai haruffa da lambobi 25 ba, domin rumbun kamfanin ya riga ya ajiye zanen yatsan na'urarka. Ko sau goma ka goge komai ka sake saka Windows, da zarar ta hau intanet za a gane ta. Ƙara ram, ko cire tsohon diski a sa SSD, galibi ba ya tayar da ƙura. Kart-mer ce matsalar. A idon Microsoft ita ce kwamfutar, sauran duk tufafi ne. Ranar da aka canza ta, zanen yatsa ya canza, sai lambobi irin su 0xC004F211, 0xC004F213 ko 0x803F7001 su bayyana. Ta farko tana cewa sassan na'ura sun sauya, ta biyu tana cewa ba a ga mabuɗi ba, ta uku tana cewa ba a samu lasisi mai aiki ba.

Abin da zai biyo baya ya danganta da irin lasisin, kuma a nan ne yawancinmu muke tafiya a duhu. Akwai wanda ke zuwa da na'ura daga masana'anta, HP ne ko Dell ko Lenovo, ana kiransa OEM. An sayar da shi da araha ga mai ƙera na'ura bisa sharaɗin cewa tare da ita zai rayu, tare da ita zai mutu. A zamanin Windows 7 mabuɗinsa yana kan ƴar takardar da ake liƙawa a ƙarƙashin na'ura. Daga Windows 8, wato 2012, aka koma rubuta shi a cikin BIOS, a jikin kart-mer ɗin kanta. Saboda haka idan mai gyara ya cire ƙonanniyar kart-mer ya jefa ta cikin kwalin tarkace, lasisin ya tafi da ita. Wani lokaci ana dace: kart-mer ɗin da aka ciro daga wata matacciyar na'ura tana zuwa da nata mabuɗin. Amma idan nata na Windows Famille ne, alhali abin da ke kan diskinka Professionnel ne, ba za su gaisa ba, kuma rubutun zai zauna har sai an sake saka irin da ya dace. Mutane da dama sun sayi sabon mabuɗi ko sun yarda an sa musu na bogi alhali na halal yana kwance a cikin na'urarsu.

Na biyu shi ne wanda mutum ke saye da kansa, a kwali ko a shafin kamfani. Wannan naka ne, kana iya ɗauke shi daga tsohuwar na'ura ka kai sabuwa, muddin ba su biyu ke amfani da shi lokaci guda ba. A kasuwanninmu ba kasafai ake ganinsa ba.

Na uku na manyan ma'aikatu ne, bankuna da jami'o'i da kamfanonin da ke sayen lasisi a dunƙule. Wani nau'insa, mai suna KMS, kwana 180 kawai yake yi, sai na'ura ta sake gaisawa da rumbun ma'aikatar da ta saye shi. Kwamfutar da ta baro ofis a Turai ta iso Maradi ba za ta sake ganin wannan rumbu ba har abada. Wata shida na cika sai rubutun ya fito, mai ita ya koma ya kama mai gyaran da ya ƙara masa ram makon jiya, alhali bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ya kamata a sani shi ne irin waɗannan na'urorin ofis galibi suna da mabuɗin OEM na Professionnel a cikin BIOS, domin lasisin dunƙule a kan wani lasisin ake ɗora shi. Sau da yawa sake saka Windows mai tsabta ya isa, ba tare da an biya ko dala ba.

A ƙa'idar Microsoft, idan kart-mer ta lalace kuma masana'anta suka musanya ta da irinta a ƙarƙashin garanti, lasisi bai mutu ba. Magana mai kyau, amma wa ke da garanti a nan? Na'urorinmu sun riga sun ci shekaru a hannun wasu kafin su biyo ta Kano, Legas, Lome ko Dubai, ko su zo a jakar ɗan uwa daga Aljeriya ko Faransa. Suna isowa su tarar da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, da janareta. Babu abin da ke cin kart-mer kamar waɗannan. A ƙasar da sabuwar kwamfuta ke daidai da albashin mako biyu, mutuwar kart-mer ita ce ƙarshen na'ura. A wurinmu tsakiyar rayuwarta ce. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta André Salifou da na'urarsa ta mutu yana tsakiyar rubuta kundin kammala karatu, kanti ba ya cikin lissafinsa, runfar mai gyara zai nufa. Dokar da ta ɗauki wannan gyara a matsayin sayen sabuwar kwamfuta ba ta san yadda muke rayuwa ba.

Kamfanin ya buɗe wata ƙofa a 2016. Idan ka haɗa lasisinka da asusun Microsoft naka, to bayan canza sassa kana iya shiga shafin Activation, ka kunna mai warware matsala, ka zaɓi layin da ke cewa kwanan nan ka sauya kayan cikin na'ura, sannan ka nuna tsohuwar na'urar a jerin da zai fito. Ga mai lasisin da ya saya da kansa hanyar tana aiki sosai. Ga mai OEM babu tabbas, wani a karɓa, wani a mayar da shi. Amma sharaɗin farko shi ne a yi haɗin tun na'ura tana da rai. Ka duba shafin Activation a cikin Paramètres yau ɗin nan: idan ya ce an kunna Windows da lasisin dijital kuma ya ƙara da "liée à votre compte Microsoft", ka tsira da rabin wahala. Idan babu wannan ƙarin, ka shiga da asusunka tun kafin ranar ta zo. Kuma asusun ya zama naka na gaske. Abin da aka saba shi ne yaron shago ya buɗe wa mutum adireshi cikin gaggawa, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin la'asar, ya ɗaura shi a kan lambar wayar da aka daɗe da yar da layinta. Irin wannan asusu da babu duk ɗaya.

Wata ƙofar kuma rufe ta aka yi, kuma mu ta fi shafa. Tayin hawa Windows 10 kyauta daga Windows 7 da 8.1 na shekara ɗaya ne, ya ƙare a Yulin 2016, amma kamfanin ya bar hanyar a buɗe shekara da shekaru. Masu gyara sun san dabarar: a juya na'ura, a karanta mabuɗin Windows 7 da ke kan takardar ƙasa, a rubuta, Windows 10 ta karɓa. A watan Satumba na 2023 Microsoft ya toshe wannan hanya. Na'urar da ta riga ta hau tana nan da lasisinta, amma ranar da aka taɓa kart-mer ɗinta, tsohon mabuɗin ba zai sake buɗe komai ba. Dubi yawan tsofaffin HP da Dell masu takardar Windows 7 da ke shagunanmu, za ka gane girman abin.

Ana wata sai ga wata. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma, wadda ta fito tun Oktoban 2021, tana da zaɓe: tana son guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi ba ta karɓar abin da ya gaza ƙarni na takwas. Na'ura tana aiki ƙalau, amma an ce ta tsufa. Mai kwamfutar tebur da ya yi niyyar bin doka, ya sayi sabuwar kart-mer da sabon furosesa don ya cika sharuɗɗan Windows 11, shi ne zai fara cin karo da "Activer Windows". An tura shi ya canza sassa, sannan an hukunta shi don ya canza. Kamfanin ya ba da ƙarin shekara ɗaya ta gyaran tsaro ga masu Windows 10, a kan dala 30 ta Amurka, ko maki 1000 na shirinsa na lada, ko mutum ya yarda ya riƙa ajiye saitunansa a rumbun kamfanin. A Turai ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye sun matsa lamba har aka cire musu waɗannan sharuɗɗa, asusu kawai ake nema. Da aka zauna wannan ciniki babu kujerar Afirka.

To mai gaskiya ya je ya saya mana, in ji wani. Mu yi lissafi. A shafin Microsoft na Faransa, Windows 11 Famille yuro 145 ce, Professionnel yuro 259. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan jaka 95 da jaka 170. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne tun farkon 2024. Ƙaramin lasisin ya haura albashin wata biyu, babban ya kai na wata huɗu, kuma sau da yawa ya fi kuɗin da aka sayi na'urar kanta. Ga shi sai da katin banki mai aiki a intanet, abin da matasa da yawa ba su da shi. Wanda ya riga ya biya lasisi sau ɗaya a cikin kuɗin na'ura, a ce ya sake biyan wannan don wuta ta ƙona masa allo, ba adalci ba ne, ko da takardar yarjejeniya ta halatta.

Ba mu ce Microsoft ba shi da hujja ba. Rubuta manhaja da kula da ita aiki ne mai cin kuɗi, kuma da babu wani ɗauri, da mabuɗi ɗaya ya kunna na'ura dubu. Amma kamfanin da ke iya gane na'ura ɗaya a cikin ɗaruruwan miliyoyi yana iya bambance wanda ya gyara tasa da wanda ya kwafa wa unguwa guda. Kuma kamfanin da ke yawan maganar kare muhalli bai kamata ya sa gyara ya fi jefarwa tsada ba.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo. Idan rubutun ya fito, amsar da aka saba ji ita ce: "Kawo a yi maka kirak." Minti biyar, jaka ɗaya ko ma kyauta. Ka lura da matakin farko da mai yi zai ɗauka: zai kashe manhajar da ke tsare na'ura daga ƙwayoyin cuta, domin in ba haka ba za ta kama abin da yake shirin sakawa. Wato ka kori mai gadi da hannunka don baƙon da ba ka san asalinsa ba ya shigo. A watan Disamba na 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya nuna yadda ake cusa wata ɓarauniyar manhaja mai suna Cryptbot a cikin kwafin KMSPico, ɗaya daga cikin sanannun kayan kirak. Aikinta kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza da bayanan asusun kuɗin kirifto. Windows za ta nuna an kunna ta, mai na'ura ya tafi yana murna, bayanansa kuma sun riga shi fita. Matashin da ke tallar kaya a Facebook, ko mai karɓar aikin fassara da zane daga waje, ko ƴar kasuwar da ke buɗe WhatsApp ɗinta a kwamfuta, duk jarinsu yana cikin waɗannan kalmomi. Kwafin da ke yawo daga filashi zuwa filashi a shagunan gyara, babu wanda zai iya rantsuwa a kan hannun da ya fara fitowa.

Akwai kuma Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima, aka kashe mata karɓar sabuntawa don kada kirak ya tonu. Masu dogon tunani za su tuna da WannaCry a watan Mayu na 2017, wadda ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Maganin ramin da ta bi ya fito tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama.

Ga abin da masu gyara ba su cika faɗa ba: Windows 10 ko 11 da ba a kunna ba tana ci gaba da aiki. Ba ta kulle fayil, ba ta kashe na'ura. Abin da za ka rasa shi ne canza hoton bango da launuka, sai kuma rubutun nan da zai tsaya maka a ido. Windows 11 da ba a kunna ba tana karɓar gyaran tsaronta kamar kowa. Ba muna cewa a zauna haka har abada ba, ƙa'idar kamfani ba ta yarda ba. Amma wanda ke tsakanin haƙuri da ɗan rubutu na ƴan makonni, har ya binciki mabuɗin da ke BIOS ko ya gwada asusunsa, da buɗe ƙofa ga ɓarawo yau, bai kamata ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago ba. Su kuma mabuɗan yuro biyu ko uku da ake tallarsu a intanet, ba dukkansu na sata ba ne, tun da kotun Tarayyar Turai ta halatta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi a hukuncinta na Yulin 2012. Sai dai mai saye ba ya iya gane na halal daga wanda aka tsinto a lasisin wata ma'aikata, kuma irin na biyun yana iya aiki yau a toshe shi bayan wata uku.

Duk wannan maganar kuɗi ce. Akwai asarar da ta fi ta, kuma canza kart-mer ne ke jawo ta. Na'urori da yawa na yanzu suna kulle abin da ke kan diski da tsarin BitLocker, makullin kuma yana ajiye a cikin guntun TPM da ke jikin kart-mer. Daga sigar 24H2 ta Windows 11, wannan kulle yana kunna kansa a kan ƙarin na'urori da zarar an shiga da asusun Microsoft wajen saitin farko, sau da yawa mai na'ura bai ma sani ba. A canza kart-mer, sai shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Lambobin suna cikin asusun wanda ya fara saita na'urar. Idan yayanka ne da ke Marseille ya saita ta kafin ya aiko, suna wurinsa. Idan wani baƙo ne da ya sayar da ita a can, sun tafi. Microsoft da kansa ya ce ba ya iya ƙirƙiro su idan sun ɓace. Kundin shekara guda, hotunan biki, lissafin shago, duk suna nan a kan diski lafiya lau, amma babu mai iya karanta su. Lasisi ana iya sake saye. Saboda haka kafin kowace na'ura ta kwana a shagon gyara, a kwafe muhimman fayiloli, a shiga asusu ta waya a rubuta lambobin nan 48 a takarda.

Ƴan uwa mazauna ƙetare, wannan ɓangaren naku ne. Kwamfutar da kuke aikowa alheri ce babba, ta sa yara da yawa sun gama karatu. Amma ku ƙarasa alherin. Ku saya a wurin masu sabunta tsofaffin na'urori da ke ba da rasiɗi mai nuna lasisi, ku ɗauki hoton rasiɗin ku turo. Ku goge na'urar ku mayar da ita kamar sabuwa, ku bar wanda zai yi amfani da ita ya shiga da asusunsa. Ku guji na'urar da ta fito daga wurin aiki ba tare da ma'aikatar ta cire ta daga rajistarta ba, domin wasu ko an goge su, suna hawa intanet za su koma neman sunan ma'aikacin kamfanin. Kuma ku tambayi ƙarnin furosesa kafin ku biya.

Masu sayarwa da masu gyara kuwa, ba mu raina aikinku. Matasan da ke ɗaga guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba da iska mai zafi, su ta da na'urar da Turai ta yanke wa ƙauna, su ne ke riƙe da karatun ƙasar nan ta fannin na'ura fiye da yadda ake yaba musu. Abin da muke nema layi ɗaya ne a kan rasiɗi: wace Windows ce, kuma wane irin lasisi. Dubawa ba ta cin minti ɗaya. A rubuta slmgr /dli, na'ura za ta faɗa ko OEM ce, ko RETAIL, ko VOLUME. A rubuta slmgr /xpr, za ta faɗa ko kunnawar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa. Na'urar kasuwa da ta nuna VOLUME_KMSCLIENT da ranar ƙarewa, ko ragowar wata ma'aikata ce ko kirak ne, kuma mai saye yana da haƙƙin ya sani kafin ya ƙirga kuɗi. Haka mai gyara, kafin ya kwance sukurun farko, ya gaya wa mai kaya cewa canza kart-mer na iya tafiya da lasisi, ya tambaye shi asusunsa da lambobin BitLocker. Wanda zai sa kirak kuma ya faɗa a fili, kada ya kira shi "orijinal". Ƙungiyoyin masu wannan sana'a a Maradi da Damagaram suna iya mayar da wannan al'ada ba tare da jiran wata doka daga Yamai ba, kuma shagon da ya fara zai ga amfaninsa a wurin masu saye.

Gwamnati ma tana da nata. Ana ta maganar diyaucin ƙasa, to diyauci ya haɗa da na'urar da ke riƙe da sunayen ma'aikata, takardun haihuwa da bayanan marasa lafiya. Muna da hukumar ANSI mai kula da harkokin na'ura da sadarwar zamani. Ya kamata su ƙidaya na'urorin ma'aikatu, su fitar da adadin masu lasisi, da masu kirak, da waɗanda suka tsaya a Windows ɗin da aka daina kula da ita. Duk kwangilar sayen kwamfuta ta fayyace irin lasisin da za a kawo, a kuma duba shi ranar karɓar kaya kamar yadda ake ƙirga kwalaye.

Sannan a daina ɗaukar Windows kamar ita kaɗai ce a duniya. Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne bisa doka, ba su san wani abu wai shi kunnawa ba, ka canza kart-mer sau nawa ka ga dama, kuma suna tafiya da kyau a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi. Jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu tun 2008. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da na'urori kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun daɗe a kai. Ba tafiya ce mai santsi ba: birnin Munich ya yi shekaru a kan Linux sannan ya yanke shawarar juyawa a 2017. Mai aiki da Photoshop, AutoCAD ko manhajar lissafi ta Sage zai sha wuya, wasu injinan buga takarda ma sai an yi fama. Amma ɗalibin da buƙatarsa rubutu ce da bincike da kallon darasi, da sakatariyar da aikinta wasiƙu ne, ba su da dalilin zama a kan kirak. Sassan koyar da ilimin kwamfuta na jami'o'in Abdou Moumouni, Djibo Hamani da sauransu suna iya ware rana ɗaya a wata su saka wa ɗalibai, su nuna musu yadda ake amfani da shi.

Lokaci kuma ba ya jira. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke na'urorin da Windows 11 ta ƙi, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Za su iso da kyan gani da araha. Wasu za su zo da Windows 10 da aka daina yi wa gyara, wasu an tura musu Windows 11 ta bayan gida, abin da Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta shi ba. Mai shirin sayen kwamfuta a bana ya sa a kunna ta a gabansa, ya duba ƙarnin furosesa, ya rubuta umarnin nan guda biyu, sannan a fara ciniki.